Samfurin sabulun aski: yadda ake gwada shi kafin a yanke masa hukunci

Wani ƙanenmu da ke karatu a Landan ya aiko da wannan tambaya: "Yaya, ƙurajen aski sun dame ni a wuya, sai na ajiye reza mai baki biyar da kumfar gwangwani, na sayi kan reza na ƙarfe irin na da, mai cin reza ɗaya, na haɗa da burushi. Da na zo sayen sabulu na tarar da su kala-kala har na rasa na ɗauka, sai na yi odar ƙananan samfura guda takwas. Mako biyu ke nan kullum ina gwada wani. Kumfar ba ta yin kauri, kafin in gama kunci ɗaya ta bushe a ɗayan, biyu daga ciki kuma sun sa mini raɗaɗi a fuska. Robobin ma ƙanana ne, burushin ba ya shiga. Asarar kuɗi na yi, ko akwai yadda ake amfani da su?"

Ƙanena, ba ka yi asara ba. Sai dai gaskiyar magana, a cikin takwas ɗin nan babu ko ɗaya da ka gwada tukuna. Abin da ka yi mako biyu kana gwadawa hannunka ne da ruwan famfon Landan, sabulan kuwa ba su samu damar nuna halinsu ba. Na shekara goma sha huɗu ina aski da burushi da sabulu, shida daga ciki ina dafa sabulun da kaina a gida, kuma kusan duk wanda ya kawo mini kuka irin naka, ciwon wuri ɗaya yake: sabulun da ya ɗiba a burushi bai kai ba, ruwan da ya ba shi ma bai kai ba, sannan ya yi saurin tsallakawa zuwa na gaba.

Fara da fitar da sabulun daga robarsa. Samfur yakan zo ne tsakanin giram 7 da giram 28, wato rubu'in oza zuwa oza ɗaya a awon Amurkawa, alhali cikakken gwangwani yakan kai giram 100 zuwa 150, wani ma 200. Bakin babban gwangwani ya kai faɗin tafin hannu, an yi shi haka ne don gashin burushi ya baje ya samu filin zagayawa a kan sabulun. Robar samfur kuwa don ajiya da aikawa aka yi ta, ba don tayar da kumfa ba. Idan ka cusa burushi a ciki, tsakiyar gashin kaɗai ke taɓa sabulu, sauran yana gogar roba, kana kuma tanƙwara gashin a banza. Akwai kuma abin da ke faruwa a zuci, wanda ban taɓa ganin wanda ya tsira daga gare shi ba: ganin abin ɗan mitsitsi ne sai mutum ya shiga tsimi, ya ɗan shafa na daƙiƙa goma ya ɗaga hannu don kada ya ƙare. To ai don ya ƙare aka saye shi. Samfurin da ya kai wata uku a hannunka bai gaya maka komai ba.

Ga yadda nake yi. Nakan ɗauki kwano mai faɗi marar zurfi, na tangaran ko na silba, wanda burushi zai juya a ciki ba tare da mariƙinsa yana dukan gefe ba. Idan sabulun mai laushi ne, irin wanda yatsa ke nutsewa a cikinsa, sai in sa bayan cokalin shayi in ɗebo kamar ƙwayar gyaɗa uku. In ɗora a gindin kwano, in danne da babban yatsa, in yi ta shafe shi har ya zama siririyar shimfiɗa da ta manne, kamar yadda ake shafa bota a burodi. Wannan shafewar ita ce sirrin. Idan ka bar shi dunƙule, burushi zai yi ta tura shi yana yawo a kwano bai narke ba, sai ka gama askin ka je wanke burushi ka ga dunƙulen ya faɗo daga cikin gashin yadda ka sa shi. Idan kuma samfurin babba ne, irin faifan oza ɗaya da kamfanin Stirling na jihar Arkansas ke sayarwa, nakan danne shi gaba ɗaya a kwanon, in bar shi a ciki har ya ƙare, in riƙa ɗiba daga kansa kamar cikakken gwangwani. Wannan ya fi kusa da yadda za ka yi amfani da shi idan ka sayi babban.

Sabulu mai tauri, irin na tsofaffin gidajen Turai kamar D.R. Harris da Mitchell's Wool Fat na Ingila ko Tabac na Jamus, ba ya shafuwa da yatsa. Shi sai ka goge shi da abin goga kuɓewa, ka zuba garin a kwano, ka yayyafa ruwa kaɗan, ka danne, ka bar shi ya kwana ya haɗe. In ba ka son wannan hidimar, ka jiƙa fuska ka goga guntun a kan gashin kai tsaye, yadda ake yi da sandar sabulun Arko ta Turkiyya, sannan ka bi da burushi. Abin da ba na so ka yi shi ne ɗora shi a wuta ko sa shi a na'urar ɗumama abinci don ya narke. Sabulun kitse ba ya narkewa, kumbura yake yi ya ƙone, ƙamshin kuma ya gudu.

Yanzu ruwa, kuma a nan zan daɗe, domin a nan askin yake. Ka jiƙa burushi, ka matse, ka girgiza shi sau ɗaya ko biyu, ya zamana da danshi amma ba ya ɗiga. Ka yi ta zagayawa a kan sabulun daƙiƙa 30 zuwa 45, har bakin gashin ya cika da abu mai kauri kamar ƙullu. Wannan ba kumfa ba ce tukuna. Daga nan sai ka tsoma 'yan yatsu a ruwa ka ɗiga a kan burushin, ɗigo huɗu ko biyar, ka ci gaba da kaɗawa, ko a kwano ko a kan fuska. Ka ƙara, ka kaɗa, ka ƙara, ka kaɗa. Da farko za ka gan ta dusu-dusu, ba ƙyalli, tana kama fata kamar man goge baki. Mutane da yawa a nan suke tsayawa don sun ga fari ya rufe fuska. Ka ci gaba. Akwai lokacin da za ka ga ta sauya, ta soma sheƙi a ƙarƙashin fitila, 'yan ƙwayoyin iska sun ɓace, ta koma kamar kindirmo mai kyau da aka kaɗa. Ka ɗaga burushi ka ga tsinin kumfar ya miƙe sannan ya ɗan sunkuyar da kai. Ka ɗebo kaɗan tsakanin yatsu biyu ka murza, ka ji santsi kamar miyar kuɓewa. To nan ake aski. Idan ka wuce nan, manyan ƙwayoyi za su dawo, ta soma gangarowa wuya.

Bushewar da ka ce tana yi iri biyu ce, kuma maganinsu ya saɓa. Idan ta tsage tana ɓarewa kamar farar ƙasa a tsohon bango, ƙishirwa take ji, ruwa ne bai isa ba. Idan kuwa shanyewa take yi, tana raguwa har fata ta bayyana a ƙarƙashinta, to sabulu ne bai isa ba, iska kawai ka kaɗa. Daga bayaninka ina kyautata zaton na biyun ne ya fi samunka. Shi ya sa duk sabon samfur da ya shigo hannuna, kaso na farko ba na kai shi fuska. A tafin hannu nake tayar da shi, ina ƙara ruwa ina ƙirgawa, har sai kumfar ta lalace da gangan. Daga nan na san iyakarsa. Wani sabulun sau uku za ka ɗiga masa ruwa ya ƙoshi, wani sai sau takwas yana neman ƙari. Ka kuma shafa kaɗan a bayan hannu ka bar shi minti biyar ka gani ko zai tsaya.

Kakana na wajen uwa wanzami ne, kuma ina yaro nakan zauna kusa da tabarmarsa idan yana aski a ƙofar gida. Ba shi da burushi, ba shi da sabulun Turai. 'Yar tasa ce da ruwa, sai guntun sabulu da yake ajiyewa a aljihun zabira. Amma kafin ya zaro aska yakan daɗe yana tsoma hannu a tasar yana murza kan mutum, ya murza, ya ƙara ruwa, ya murza, har in ƙosa in ce yaushe za a fara. Lokacin jiƙon ya kusa kai na askin kansa. Sai da na girma na gane gashin da ya sha ruwa laushi yake yi, aska ta wuce ba gardama. Aikin kumfa ke nan na farko, ta riƙe ruwa a jikin gashi. Santsi na biyu ne. Saboda haka ka yi askinka bayan wanka, ko ka wanke fuska da ruwan ɗumi ka bar ta a jiƙe minti biyu zuwa uku kafin burushi ya taɓa ta.

Sai ruwan garin da kake. Leƙa cikin butar lantarkin da kuke dafa shayi, za ka ga farin ɓawo ya kama gindinta. Ruwan Landan da kudu maso gabashin Ingila ta cikin duwatsun alli yake biyowa, yana ɗauke da sinadarin kalsiyam da maganiziyam masu yawa. Waɗannan suna kama sabulu su mayar da wani ɓangarensa dauɗa mai yauƙi da ke mannewa a kwanon wanke fuska, maimakon kumfa. Wanda ya taɓa wanki da ruwan rijiya mai zartsi ya san abin da nake nufi, yadda ruwan ke cinye sabulu. Da a Manchester kake ko Glasgow, inda ruwan ba shi da wannan nauyi, da rabin kukanka bai taso ba. Maganin farko shi ne ƙara yawan sabulun da kake ɗiba. In kana so ka raba laifin ruwa da laifin sabulu, ka sayi gorar tataccen ruwan da ake zuba wa dutsen guga, ka ɗumama kofi ɗaya ka tayar da kumfa da shi sau ɗaya. Idan sabulun ya yi kyau da wannan ya ƙi na famfo, ka san inda matsalar take. Mitchell's Wool Fat ya yi suna da wannan gardamar, mutane da yawa sun tsine masa alhali ruwansu ne.

Dalilin da ya sa sabulan ba sa shan ruwa daidai yana cikin haɗinsu. Sabulun aski ya bambanta da na wanka ta fuska biyu. Ana cika masa kitse mai tauri wanda ke sa kumfa ta yi kauri ta tsaya, sinadarin da za ka ga an rubuta Stearic Acid a jikin takardar. Kuma yawanci ana dafa shi da sodar fotash, ita kaɗai ko a gauraye da sodar sabulun wanki, don ya yi saurin narkewa a burushi. Ta wannan gefen ɗan'uwan sabulun salo ne, wanda ake yi da ruwan toka. Man kwakwa yana tayar da kumfa da sauri amma idan ya yi yawa yana busar da fata. Kitsen shanu yana ba da santsi da nauyi. Man kaɗe, wanda ake kwasa daga ƙasashenmu a kai musu, ƙananan masu dafa sabulu na Amurka da Turai suna zuba shi don fuska ta yi laushi bayan aski. Sabulu mai yawan irin waɗannan mayukan shi ne mai ƙishirwa. Martin de Candre na Faransa kuwa, da haɗinsa bai wuce abubuwa 'yan kaɗan ba, da ɗan shafawa ya cika burushi. Ka ga idan ka yi wa takwas ɗin nan hannu iri ɗaya, dole wasu su ba ka kunya.

Kuskurenka na biyu shi ne sauyawa kullum. Ana cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma sabulun aski ba ya bin wannan. Askin farko na koyon ruwansa ne. Na biyu na gyara abin da ka gani a na farko. Sai a na uku za ka soma jin sabulun kansa. Ni ba na buɗe baki a kan samfur sai na yi aski uku a jere da shi, in ya isa biyar ya fi. A awona, giram ɗaya zuwa ɗaya da rabi ke tafiya a kowane aski da sabulu mai laushi, mai tauri kuma ƙasa da haka. Ke nan ko mafi ƙanƙantar samfur zai ba ka aski huɗu zuwa bakwai. Idan kana haɗawa da askin kai, ka ninka abin da kake ɗiba, ka kuma san cewa ƙaramin samfur ba zai wuce maka sau biyu ko uku ba.

A cikin kwanakin nan kada ka taɓa komai. Kan reza ɗaya, burushi ɗaya, irin reza ɗaya, kuma in zai yiwu reza mai kwana ɗaya da ta baya, domin sabuwar Feather ta Japan da Derby da aka yi aski huɗu da ita ba hannu ɗaya suke ba ko da sabulun bai sauya ba. Gashin kwana ɗaya da na kwana uku ma ba ɗaya ba ne. Taura biyu ba ta taunuwa. Idan ka sauya reza da sabulu rana ɗaya fuska ta yi zafi, wa za ka kama? Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta layi biyu: sau nawa ka ƙara ruwa, ko akwai sauran santsi bayan reza ta wuce, yadda fuska ta kasance bayan awa ɗaya, da yadda ta wayi gari. Bayan samfur na biyar ba za ka tuna na farko ba, na tabbatar maka.

Zan ma ƙara da abin da masu sayarwa ba za su gaya maka ba. Wanda bai iya tayar da kumfa ba, bai kamata ya fara da samfur ba. Da ka tambaye ni tun farko, da na ce ka sayi abu ɗaya mai araha wanda ba ya gardama, kamar sandar Arko, ko Proraso ko Cella na Italiya, ka yi wata guda da shi har hannunka ya faɗa. Shi zai zama ma'auninka, duk samfurin da ya zo a kansa za ka ɗora. Tunda ka riga ka saya, ka zaɓi mafi girma a cikin waɗanda ba su ƙona ka ba, ka mayar da shi ma'aunin.

Maganar raɗaɗi ita ce ta fi muhimmanci a tambayarka, kuma ita ce ainihin abin da ya sa samfur ya cancanci kuɗinsa. Raɗaɗi ma iri biyu ne. Akwai wanda ke zuwa bayan reza ta wuce, musamman idan ka shafa alif ko ka watsa ruwa, wannan kankarar fata ce, daga danna hannu ko siririyar kumfa. Akwai kuma wanda ke farawa tun kumfar na kan fuska reza ba ta taɓa ba: ɗumi ya soma tashi, sai ƙaiƙayi, ka wanke ka ga fatar ta yi ja ko ta ɗan tasa. Wannan fatarka ce ke ƙin wani abu a cikin sabulun, kuma galibi turaren ne. Waɗanda suka fi kama mutane su ne man kirfa, man kanumfari, mayukan ɓawon lemo, ƙamshin almon, da mantol mai sanyin nan idan ya yi yawa. Sabulan da ake kira Bay Rum da yawansu da kanumfari a cikinsu. Wasu kuma maiƙon ulun tumaki ne ba sa shiri da shi, wanda ake rubutawa Lanolin. A Turai da Ingila doka ta wajabta a rubuta sunayen sinadaran ƙamshi da aka san suna tayar da fata idan sun kai wani adadi, don haka ka ɗauko sabulan biyu da suka ƙona ka, ka nemo jerin haɗinsu a wurin mai sayarwa, ka ga abin da suka yi tarayya a kansa. Idan ka ga Cinnamal a duka biyun, kirfa ce. Idan Eugenol ne, kanumfari. Wannan sanin kaɗai ya biya maka kuɗin takwas ɗin, don zai bi ka har wurin sayen turare da man shafawa.

Kafin ka sake kai su fuska, ka tayar da kumfa kaɗan ka shafa a cikin gwiwar hannu ko bayan kunne, ka bar ta minti biyar zuwa goma, ka wanke, ka duba wurin washegari. Idan ya yi ja, ka rabu da sabulun ko da ƙamshinsa ya tafi da hankalinka. Kada ka ce za ka daure fata ta saba, sau da yawa ƙaruwa abin yake yi. Na taɓa nacewa wani sabulu mai kirfa har aski huɗu don ina son ƙamshinsa, sai da na yi kusan mako biyu fuskata na saɓa kafin ta dawo daidai. In kuwa ka ga kumburi a leɓe ko ido, ko numfashi ya yi nauyi, wannan maganar asibiti ce nan take.

Tunda muna kan karanta takarda, ka duba kitsen. Idan an rubuta Tallow ko Tallowate, yawanci kitsen shanu ne, wani lokaci na tumaki. Wasu ƙananan masu dafawa suna sa kitsen alade, za ka ga Lard ko Lardate. Haka burushi, mafi arahar na gashin dabba, irin wanda Omega na Italiya da Semogue na Fotugal suka shahara da shi, gashin alade ne, a jikin kwalin za ka ga Boar ko Bristle. Hukuncin waɗannan na malamai ne, ni dai nawa in gaya maka abin da ke ciki. Wanda yake son kauce wa shakka yana da hanya a buɗe: sabulan man itatuwa zalla suna da yawa kuma suna aiki, burushin roba na zamani kuwa ya kai inda ni kaina shi na fi ɗauka. Ga gwajin samfur ma ya fi dacewa, don ba ya shan sabulu da yawa, ba ya buƙatar jiƙo, kuma ba ya riƙe ƙamshin sabulun jiya ya gauraya maka da na yau.

Ƙamshi kuwa, kada ka buɗe takwas a zama ɗaya kana shinshinawa, bayan na uku hanci ya daina bambancewa. Kuma abin da ka ji a bakin roba ba shi ne za ka ji a kumfa mai ɗumi ba. Wani yana da ƙarfi a busasshe ya lafa idan ya sha ruwa, wani sai a fuska yake buɗewa. Mu da muka tashi cikin turaren wuta da miski da sandal, ƙamshin Ingilishi na lafanda da ganyaye yakan zo mana wani iri da farko. Ka ba shi kwana uku kafin ka ce ba ka so.

Game da ƙurajen da suka kawo ka wannan hanya, ba na so in yaudare ka: babu sabulun da ke warkar da su. Gashinmu murɗaɗɗe ne, idan aka yanke shi ƙasa da fata ko aka bar masa tsini, yakan lanƙwaso ya soki fata, wurin ya tasa. Reza mai baki da yawa tana jan gashin kafin ta yanke, shi ya sa barinta ya yi maka amfani. Sauran aikin na hannu ne. Ka bar gashin wuya ya yi kwana biyu, ka shafa ka gane ta inda ya kwanta, don a wuya yakan juya ta fuskoki daban-daban. Ka bi kwanciyarsa kawai, sau ɗaya, ba dannawa, ba jan fata, ba neman sumul. Kumfa mai kyau tana taimakawa ta hanyar hana ka maimaita wuri ɗaya. Ƙurajen kan fito ne bayan kwana biyu ko uku, don haka mai sauya sabulu kullum zai ɗora wa na Laraba laifin askin Litinin. Idan sun riga sun yi yawa, ka ajiye reza na wasu makonni ka riƙa saisaye da inji, in suna yin ruwa ko suna barin tabo mai tasowa ka ga likitan fata.

Akwai abin da samfur ba zai iya gaya maka ba. Ba zai nuna maka tsawon kwanan da babban gwangwani zai yi ba, kuma ƙamshinsa yakan fi na babban rauni, don ɗan abu yana saurin shan iska. Sannan kamfanoni suna sauya haɗi. Tabac da Mitchell's duk sun cire kitsen shanu daga nasu a 'yan shekarun nan, ƙananan masu dafawa irin Barrister and Mann na Amurka kuwa sun sauya tushen sabulunsu sau da dama. Idan samfurin daga tsohon kaya aka yanko shi, wanda za a aiko maka zai iya zama wani abu dabam. Kafin ka biya kuɗin babba, ka gwama jerin haɗin biyun. Idan kuma aboki ne ya ɗebo maka daga nasa, ka tabbata da tsabtataccen cokali ya ɗiba, kuma ka kankare saman da burushinsa ya taɓa.

A kan giram, samfur ya fi babban gwangwani tsada nesa ba kusa ba, ribarsa ita ce ya hana ka sayen abin da za ka yi watanni kana kallo ba ka so. Don haka kada ka ƙara odar wasu sai waɗannan sun ƙare. Waɗanda ke jiran layi ka rufe su da kyau, ka manna takarda ka rubuta suna da ranar da suka zo, ka ajiye su a wuri mai sanyi nesa da tururin banɗaki da hitar ɗaki. Wanda ke cikin kwano kuma, bayan aski ka tsiyaye ruwan kansa ka bar shi a buɗe ya sha iska kafin ka rufe. Idan ka ga ɗigo-ɗigo masu launin ruwan lemo a jikinsa ko ka ji warin tsohon mai, man cikinsa ya lalace, ka zubar.

Gobe in Allah ya kai mu, ka ware biyun da suka ƙona ka gefe har sai ka gwada su a hannu. A cikin shidan da suka rage ka ɗauki mafi girma, ka shafe shi a kwano tun da dare. Da safe ka tayar da kumfa a tafin hannu har ta lalace, ka rubuta sau nawa ta sha ruwa, askin kuma ka bar shi sai jibi, wuyanka ya ƙara hutawa. Bayan aski na uku ka aiko mini da abin da ka rubuta, tare da jerin haɗin biyun nan, mu duba tare.